Ɗan Daudu a Rubuce: Wa Ya Cancanci Ya Ba da Labarinsa?

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu nazarin adabi a Turai da Amurka, a kuma auna ta da ma'aunin ƙasar Hausa. Muhawarar ita ce: shin marubucin da bai taɓa rayuwar masu neman jinsinsu ba, ko masu neman maza da mata duka, yana iya ƙaga tauraro irinsu ba tare da ya yi masa ƙarya ba? Wasu sun ce sai wanda ya ɗanɗani abu ya san ɗacinsa. Wasu suka ce da haka ne, da ba wanda zai rubuta labarin sarki sai sarki.

Dalilin kawo zancen a wannan mujalla shi ne halin da mai karatu yake ciki a wuri kamar Dakoro, arewa da Maraɗi. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci a can, abin karantawar da zai samu bayan ƴan littattafan kiwon lafiya da na noma mafi yawa daga Kano yake zuwa, haka ma finafinan da yake kallo. Hoton da waɗannan suka zana masa na wani rukunin mutane shi zai riƙa, ko da kuwa yana ganin mutanen da idonsa a tasha in ya tafi cin rani.

Kafin a shiga adabin, dole a daidaita kalmomi, domin a nan ne yawancin marubuta suke tuntuɓe. Luwaɗi sunan aiki ne, daga harshen shari'a da wa'azi ya fito, kuma yana ɗauke da hukuncinsa. Daudu kuwa sunan hali ne da sana'a: namiji mai magana da karairaya irin ta mata, mai dafa abincin sayarwa a tasha ko kasuwa, wani lokaci mai kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Asalin kalmar lakabi ne na Galadima, kuma masana bori, irin su Fremont Besmer a littafinsa na 1983, sun danganta ta da iskan nan Ɗan Galadima. Ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma da yawa daga masu neman maza ba su da alamar daudu ko kaɗan. Bugu da ƙari, da yawa cikinsu magidanta ne, da mata da ƴaƴa. Turawa sun ware wa mai neman jinsi biyu suna na musamman. Hausa ba ta ware ba. Su kansu mutanen, kamar yadda Rudolf Gaudio ya nuna, kalmar da suke sakaya zancen da ita ita ce harka. Saboda haka marubucin da ya ɗauko tauraro daga littafin Turawa ya sa masa riga da hula, ya riga ya kauce tun kafin tauraron ya buɗe baki.

Hoton ɗan daudu da ya fi yaɗuwa daga fim ya zo. A Ibro Ɗan Daudu, wanda ya fito a 2002, marigayi Rabilu Musa ya kwaikwayi murya da tafi da riƙe ƙugu, ya kuma kwaikwaya da gwaninta. Ba mai musun cewa ya saurari mutanen. Amma abin da ya ɗauko fatar magana ce. Mai kallo yana dariya, ba ya tambayar inda wannan mutum yake kwana, ko wa yake ciyarwa da ribar tuwonsa, ko me yake faɗa wa Ubangijinsa bayan ya idar da salla. Wasan barkwanci ba a tuhumarsa da rashin zurfi, wannan gaskiya ne. Illar ita ce idan ya zama shi kaɗai ne hoton da ake da shi.

Aikin da ya fi kusantar mutanen ba ƙagaggen labari ba ne. Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun buga maƙala a kansu a 1983, sannan Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da Allah Made Us a 2009. Darajar littafin tana cikin hirarrakin da ya naɗa ya rubuta yadda aka faɗe su. A nan ake ganin yadda suke kiran juna ƙawa, suna musayar “ke” da “kai” gwargwadon wanda yake wurin. Yadda suke sarrafa habaici da karin magana, fannin da ake ɗauka na kishiyoyi ne. Da yadda ambaton Allah ba ya barin bakinsu, ba kuma da izgili ba. Wannan na ƙarshe shi ne abin da baƙo ba zai taɓa ƙagawa daga kansa ba. Abin takaici, hirar da aka yi da Hausa sai mai jin Ingilishi ne yake iya kai wa gare ta.

A ƙagaggun labarai na Ingilishi akwai misalai biyu na shekarar 2015. A Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, Ijeoma, yarinya Ibo, ta kamu da son Amina, marainiya Bahaushiya, a zamanin yaƙin basasar Nijeriya. Zuciyar Ijeoma an buɗe ta sarai, mai karatu ya yarda da ita. Amina kuwa Hausancinta bai wuce suna da addini ba. Da an sauya mata ƙabila, kaɗan ne zai canza a maganarta. Wato marubuciyar ta san ciwon, ba ta san gidan ba. Elnathan John, a Born on a Tuesday, ya bi wata hanya: bai shiga zuciyar masu yin abin ba, ya tsaya a idon Ɗantala, almajirin da ya tarar da wasu yara biyu, abin ya tsaya masa a rai, ya rasa wanda zai gaya wa. Wannan shirun ya fi dogon bayani kama da gaskiyar zaman tsangaya. Irin dabarar ce Mohamed Mbougar Sarr na Senegal ya yi a De purs hommes a 2018, inda mai ba da labarin malamin jami'a ne da yake bin sawun wata gawa da aka tone daga kabari. Marubutan biyu sun san iyakar abin da suka sani, suka gina labarin a kan iyakar.

Ga masu cewa sai wanda ya yi rayuwar zai rubuta ta, akwai abin da ba su lissafa ba. A Ingila ko Faransa marubuci yana iya bayyana kansa ya ci gaba da sana'arsa. A arewacin Nijeriya an shimfiɗa dokokin shari'a daga 2000, an kuma sa hannu kan dokar tarayya mai hana auren jinsi a Janairun 2014. A Maraɗi ma, tarzomar Nuwamban 2000 kan bikin nunin tufafi na FIMA ta faɗa wa mashaya da gidajen mata, wato wuraren da ɗan daudu yake samun abincinsa. Wanda aka ce ya fito ya shaida cewa labarin nasa ne, an ce masa ya miƙa wuyansa. Ga shi kuma da yawansu ba su yi boko ba. Sharaɗin, in an bi shi a nan, ba zai haifar da littafi ko ɗaya ba.

Abin da mai nazari yake iya aunawa shi ne abin da ke kan takarda: ko tauraron yana magana yadda irinsa suke magana, ko yana da uwa da bashi da maƙwabci, ko marubucin ya bambance daudu da luwaɗi. Wannan kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan masu tattara adabin baka. Tarin karin magana da habaici da ake bugawa sukan ambaci tsofaffi da maroƙa da matan aure a matsayin majiya, ba a cika ganin mai tuwon tasha a cikinsu ba. Mai binciken da aka tura Dakoro da rakoda yakan nufi fadar sarki da zauren malamai. Rumfunan abinci na bakin tasha suna kan hanyarsa, kuma ba a taɓa hana shi zama a can ba.