Makaranta a Teburin Cin Abinci: Burin Iyayen Kirista a Amurka

Kafin shekarar karatu ta kama a ƙarshen watan Agusta, dubban gidajen Kirista a Amurka kan zauna su rubuta abin da suke so kowane ɗa ya cim ma. Yawanci uwa ce malama, teburin cin abinci kuma shi ne aji. Wannan takarda ta buri ita ce ƙashin bayan karatun gida, kuma a cikinta ake gane ƙarfin al'adar da rauninta.

Al'adar ta samo tushe ne bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1962 da 1963, wanda ya hana makarantun gwamnati jagorantar addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada. A 1975 Raymond Moore da matarsa Dorothy suka fitar da littafin da ya ja hankalin iyaye kada su yi gaggawar ɗora wa ƙaramin yaro karatun aji. A 1983 lauya Michael Farris da abokinsa Michael Smith suka kafa ƙungiyar HSLDA don kare irin waɗannan iyaye a kotu, kuma zuwa 1993 karatun gida ya halatta a duka jihohi 50. Alƙaluman gwamnati sun nuna yara masu karatun gida kusan 850,000 a 1999, suka kai kusan miliyan 1.8 a 2012, ko da yake ba dukansu ne addini ya zaunar a gida ba.

Wanda ya duba irin wannan takarda ta buri zai ga tarbiyya ce ke sama, lissafi da karatu na biye. Iyaye da yawa kan kafa hujja da babi na 6 na Maimaitawar Shari'a, inda aka ɗora wa iyaye nauyin koyar da 'ya'yansu a zaune da a tafe. Wasu kan raba burin gida huɗu bisa Luka 2:52: hikima, lafiyar jiki, dangantaka da Allah, da zama da mutane. Daga nan sai a zaɓi hanya. Akwai masu sayen littattafan kamfanin Abeka ko na Jami'ar Bob Jones su bi shafi-shafi. Akwai mabiya Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923: a karanta wa yaro ɗan gajeren sashe sau ɗaya tak, a rufe littafi, shi kuma ya maimaita labarin da bakinsa. A nan uwa ke gane ko ya fahimta, tun kafin a zo batun jarrabawa.

Amfanin wannan takarda a fili yake. Uwa ta san ɗanta mai shekara 7 bai iya haɗa baƙi ba amma ya ƙware a ƙirga, don haka sai ta yanka masa buri daidai wuyansa, abin da malami mai yara talatin ba zai iya ba.

Matsalar tana wajen burin da aka fi ɗauka da muhimmanci. Ana iya rubuta cewa yaro zai haddace ayoyi hamsin kafin Kirsimeti, a kuma ƙirga. Ba a iya rubuta cewa zai ba da gaskiya kafin watan Yuni. To da yake zuciya ba ta aunuwa, sai wasu iyaye su koma auna abin da ido ke gani: hadda, ladabi, yin shiru idan babba na magana. Yaro mai wayo kan koyi nuna abin da ake so, tambayoyinsa kuma ya haɗiye su. Ranar da ya girma ya ɗauki wata hanya, iyayen su ga kamar aikin shekaru ya rushe, alhali abin da suka sa a takarda tun farko ba a hannunsu yake ba.

Sannan wa ke duba takardar? A jihar Pensilbeniya doka ta tilasta iyaye su miƙa jerin burinsu, su tara ayyukan yaro, wani mai tantancewa ya duba a ƙarshen shekara. A jihar Niyok ana kai rahoto sau huɗu a shekara. A Teksas ko sanar da hukuma ba dole ba ne ga yaron da bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba. A irin wannan wuri, idan uwa ta tsallake aljabra don ita ma ta sha wuyarsa, ko aka ga 'ya mace ba ta buƙatar kimiyya, babu mai cewa uffan. Wannan ne ya sa wasu da suka tashi a karatun gida suka kafa ƙungiyarsu a 2013, suna neman a ƙara sa ido.

A ganina, takarda mai kyau ita ce wadda iyaye suka rubuta abin da su za su yi game da addini, kamar karatu tare da amsa tambaya ba da fushi ba, suka kuma bari wani na waje ya auna lissafi da rubutu. Yaron da ya kai shekara 13 kuwa ya kamata a ba shi alƙalami ya sa nasa burin a takardar.