Ku bar wa Fijo rufinta

Shekarun baya kaɗan, in tsohuwar Fijo ta kwanta a ƙofar gida, babu mai taya ta sai 'yan gwangwan, su ma a kilo. Yanzu kasuwarta ta fara motsi. Masu ɗaukar hoton biki na nemanta, masu bidiyon waƙa na nemanta, ga kuma 'ya'yan masu hali da suka ga yadda ake ji da tsofaffin motoci a ƙasashen waje. Dillalai har ƙauyukanmu na Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari suke biyowa, suna tambaya ko akwai wata 504 ko 404 da aka ɗora a kan duwatsu. Na yi murna da wannan, don ko ba komai mota ta tsira daga guduma. Damuwata ita ce abin da ake yi mata bayan ta bar hannun mai ita. Sabon yayi shi ne a kai ta wurin mai walda ya yanke rufin, a yi mata fenti mai ƙyalli, a ɗinka kujeru da jar leda, sannan a fito da ita kasuwa da sunan buɗaɗɗiyar mota ta asali.

Kwanaki wani yaro ya kawo hoton irin wannan a wayarsa garejin da muke zama da yamma. Fara ce sol, tayoyi na sheƙi, an rubuta a ƙasa cewa gangariya ce, ƙirar 1971, ba a taɓa ta ba. Samari suka yi caa, kowa na faɗin abin da zai biya in yana da shi. Tsohon bakaniken wurin, wanda ya koyi aiki tun Fijo na fitowa sabuwa daga Kaduna, ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa.

"Ɗana, ƙirga mini ƙofofinta."

"Huɗu ne, Baba."

"To aski aka yi mata." Ya miƙa masa wayarsa, ya koma kan kaburetar da yake wankewa.

Gaskiya ya faɗa, kuma ba sai an je Faransa ba za a tabbatar. Fijo 504 ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A wannan shekarar ta 1969 aka fito da buɗaɗɗiyarta, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. Ƙofa biyu gare ta, ta fi ta gida gajarta, fitilunta daban, bodinta daban, har ba za ka cire marfin wannan ka sa wa waccan ba. Kusan dubu takwas kacal aka ƙera kafin a daina a 1983. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya yi ta fitar da 504 shekaru fiye da ashirin bayan Faransa ta bari, amma abin da ya ba mu shi ne salun da wagon da a-kori-kura. Saboda haka duk buɗaɗɗiyar 504 mai ƙofa huɗu da ka gani, mai walda ne ya buɗe ta.

Akwai wata tambayar da ya kamata mai saye ya yi in an ce masa mota ƙirar 1970 ko 1971 ce kuma a Najeriya aka saye ta sabuwa: sitiyarin yana wane ɓangare? Sai ranar 2 ga Afrilu, 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama. Yawancin motocin da aka sayar mana kafin nan sitiyarinsu a dama yake, irin na Ingila. In ka ga na hagu, mai yiwuwa an juya shi daga baya, ko ta shigo ne ta Nijar, inda tun zamanin Faransawa a dama suke tuƙi. A yankinmu wannan ba abin mamaki ba ne, motar Damagaram ta sha tsallakowa ta Maigatari ta zama 'yar gida. Ba aibi ba ne. Amma a faɗa.

Masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka suna da hanyoyin bincikensu, kuma babu wani sihiri a ciki. Suna duba lambar shasi da lambar inji su ga ko tare suka bar masana'anta. Suna ɗaga dardumar ƙasa da robar ƙofa su ga launin fentin farko. Suna bin jikin da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sun san an cike wurin da fila. Suna duban walda, domin ɗinkin masana'anta ɗigo-ɗigo ne a jere, na gareji kuwa dunƙule yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Maigatari ranar Alhamis ya san wannan aikin: dillali na yabon ƙahon sa da shekin fatarsa, mai saye kuwa bakin yake buɗewa ya ƙirga haƙora.

Yanke rufin nan kuma ba maganar ado kaɗai ba ce. Salun ɗin 504 ba ta da wani ƙarfen gado daban da aka ɗora bodi a kai. Jikin gaba ɗaya shi ke riƙe kansa, kuma rufi da ginshiƙansa suna cikin masu ɗaukar nauyin. Masu ƙera buɗaɗɗiyar mota sukan ƙarfafa ƙasanta don ya maye gurbin rufin. Mai waldar da aka ba kwana kaɗan ya gama kafin ranar ɗaurin aure ba zai yi wannan ba. Bayan 'yan watanni a kan hanyoyinmu sai ka ga ƙofa ta ƙi rufuwa, tsakiyar motar ta fara lotsawa. Allah ya kiyaye, in ta kifa da amarya da ƙawayenta, babu abin da ke tsakanin kawunansu da kwalta.

Amma fa kada a ɗauka ina cewa mu kwaso ma'aunin Turawa ɗungurungum mu ɗora wa motocinmu. In lambar inji ce sharaɗi, to da wuya a sami gangariya ko ɗaya daga Gumel har iyaka. A-kori-kurar da ta yi shekara talatin tana jigilar buhunan riɗi da zoɓo da gero a cikin rairayi, ta ci inji ba ɗaya ba, giyarta daga kasuwar Ƙofar Ruwa, sifirin ɗinta an ƙara masa ganye don ta ɗauki abin da Faransawa ba su taɓa mafarki ba. Ni a wurina wannan bai rage mata daraja ba, shi ne tarihinta. Busasshiyar iskarmu ta hana tsatsa cin ƙarfenta, rana kuma ta farfasa dashbod da kujeru, wannan ma shaidar inda ta rayu ce. Mutanen Kuba sun riƙe motocin Amurka na shekarun 1950 da injinan dizal na aro, duniya kuma na tururuwa zuwa kallonsu.

Su kansu Turawan sun fara dawowa daga rakiyar ƙyalli. Ƙungiyar FIVA, mai kula da tsofaffin motoci a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi in ta kai shekara 30, kuma ƙa'idojinta na Turin da suka fara aiki a 2013 sun ɗauki canje-canjen da aka yi wa mota lokacin tana bakin aiki a matsayin wani ɓangare na tarihinta. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Amurka, inda aka saba ba da kambu ga motar da aka sabunta tsaf, wata Bugatti ƙirar 1934 ce ta lashe, da tsohon fentinta da tabonta. Fijo 504 ƙirar 1977 ta tsohon shugaban Iran Mahmud Ahmadinejad an yi gwanjonta a 2011 a kan dala miliyan biyu da rabi, ba don injinta ba, don wanda ya hau ta. A gida ma, Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsasanta. Wa zai yarda a kai ta wurin fanal-bita a toshe su?

Abin da nake rarrabewa shi ne gyaran da larura ta sa, da gyaran da aka yi don a rufe idon mai saye. Na farko a yi shi, a faɗe shi. Na biyun algus ne, kuma malamanmu sun daɗe da yin bayani cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, in ya ɓoye mai saye na da damar mayarwa. Motar hoton nan da an rubuta cewa salun ce 'yar Kaduna aka buɗe ta don hayar biki, da babu ruwana da cinikinsu, sai dai in ji takaicin rufin.

Wani zai ce mota ta mai ita ce, ko wuta ya ga dama ya sa mata, kuma yaran nan sana'a suke nema. Haka ne, ba na ja. Sai dai akwai motocin da suka yi haɗari rufinsu ya riga ya tafi, a nemi waɗannan a ƙarfafa ƙasansu yadda ya kamata. Wadda ta kai yau da jikinta cikakke kuwa, ba a sake ƙera irinta, kuma kullum raguwa suke. 504 ita ce motar da iyayenmu suka je Kano da ita karɓar albashi, ita ta kai alhazai filin jirgi, ita ce motar gwamnati, ita ce tasi. Buɗaɗɗiyar Pininfarina ba mu da wani tarihi da ita; salun ɗin Kaduna ce tamu, kuma ita muke yankawa don ta yi kama da baƙuwa.

Ga masu irin wannan mota a ajiye a Sule Tankarkar da kewaye, roƙona kaɗan ne. Ku nemo takardunta, rasitin saye in yana nan, da tsohuwar lambar Jihar Kano da aka cire bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, ku haɗa su wuri ɗaya. Ku ɗauki hotonta ciki da waje kafin kowa ya taɓa ta. In dillali ya zo, ku tambaye shi me za a yi da ita, kuma kada ku karɓi tayin kilo. Ku kuma samari masu saye, kafin ku biya ko sisi, ku tafi da tsohon bakanike ya duba muku.