Mai Kallo da Tabon Garinsa: Tsokaci a kan Ackley Bridge da Daɗin Kowa daga Titin Bauchi, Jos

1.0 Gabatarwa

Wasan kwaikwayon da ya ɗauki cuɗanyar al'ummu a matsayin jigo ba ya ƙarewa a akwatin talabijin, a bakin masu kallo yake ƙarasawa. Wannan maƙala za ta dubi wasanni biyu masu irin wannan jigo, domin nuna cewa hukuncin mai kallo yakan bayyana halin garinsa fiye da darajar wasan.

2.0 Ackley Bridge da Masu Kallonsa

Tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna Ackley Bridge daga 2017 zuwa 2022. Ayub Khan Din yana cikin waɗanda suka ƙago shi. Labarin wani ƙagaggen gari ne a arewacin Ingila, inda aka haɗe makarantun sakandare biyu, ɗaya ta 'ya'yan Turawa, ɗaya ta Musulmi waɗanda galibinsu 'yan asalin Pakistan ne. Jigon yana da tushe a zahiri. A 2001 an yi tarzoma a Oldham da Bradford, kuma rahoton Ted Cantle ya nuna al'ummun biyu suna zaune gari ɗaya ba tare da rayuwarsu ta gamu ba. A 2010 aka haɗe irin waɗannan makarantu biyu a Oldham.

Ra'ayin masu kallo ya rabu. Wasu sun yaba da ganin Musulma irin Kaneez Paracha, mai rabon abinci a makarantar, a matsayin uwa mai barkwanci da tsayuwa a kan 'ya'yanta. Wasu Musulmi kuwa sun ƙi yadda aka sa 'yarta Nasreen ta karkata ga soyayyar jinsi, suna ganin an mai da addini tamkar kurkukun da yarinya ke neman tsere masa. Duk ɓangarorin tambaya ɗaya suke yi: yaya aka nuna namu? Abin da wannan tambaya ta rufe shi ne gwanintar wasan. Nasreen da maƙwabciyarta Missy Booth ƙawaye ne tun kafin haɗewar, makarantar da aka kafa domin haɗin kai ita ce ta fara jarraba ƙawancen, domin kowacce tana da jama'ar da ke kallon wanda take zama da shi.

3.0 Daga Titin Bauchi

Mazaunin Titin Bauchi ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba unguwannin Jos bisa addini, makarantun unguwa da yawa kuma suka bi sahu. Ga Jami'ar Jos a kan titin, inda ɗalibai ke zama aji ɗaya da rana, da yamma kowa ya nufi ɓangarensa.

Wasan Hausa mafi kusa da wannan jigo shi ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda ya ci lambar yabo ta AMVCA a 2016. Ya yi rawar gani da ya sanya Stephanie, Kirista, a tsakiyar rayuwar gari mai rinjayen Musulmi. Sai dai karɓuwarta ta zo da sauƙi, domin Hausa ta zauna a bakinta, mai kallo kuma yana ganin ta a matsayin tasa. Wannan abin nazari ne: shin bambanci aka karɓa, ko kuwa kamanni? Mai kallon da aka taɓa ƙona wa gida yana iya samun sanyi a irin wannan hoto, amma sanyi ba shi ne magani ba.

4.0 Kammalawa

Ma'aunin da ya dace da irin waɗannan wasanni ba shi ne ko an yabi al'ummar mai kallo ba, a'a, ko zumuncin da aka nuna ya jawo wa taurarin wata asara, suka kuma jure. Ta nan Ackley Bridge ya yi fice, ko da yake yawan cusa abubuwan tashin hankali ya raunana shi. Aji guda a wata sakandare ta Jos, da yaran Unguwar Rogo da na Jenta a benci ɗaya, fage ne da ke jiran marubutan Hausa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.