Kafin Labari Ya Kankama: Nazarin Mabuɗin Fina-finan Hausa

A zamanin kaset, idan mai gidan kallo a Wudil ya danna fim, ba nan take labari ke farawa ba. Sai an sha tallar fina-finan da ke tafe, an ga adireshin dila a Kofar Wambai ko Bata, takardar shaidar hukumar tace fina-finai ta tsaya cak a allo, tambarin kamfani ya juyo da kiɗansa, sannan sunaye su fara hawa. Kafin a ji maganar farko daga bakin ɗan wasa, mai rake ya yi ciniki, wanda ya makara ya samu benci. Yawancin masu kallo lokacin jira suka ɗauke shi. Amma waɗannan mintuna su ne suka fi kowane ɓangare na fim faɗin gaskiya game da masana'antar: wa ta ke tsoro, wa ke bin ta bashi, wa ta ɗauka da daraja, wa kuma ta manta.

Tsarin ba a Kano aka ƙirƙire shi ba. Mutanen da suka kafa harkar sun tashi ne suna kallo a Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, inda fim ɗin Indiya ke buɗewa da takardar izinin hukumarsu, sai tambarin kamfani, sai sunaye, sunan fim ɗin kansa sau da yawa cikin rubutu uku: na Turanci, na Hindi da na Urdu. Fina-finan Amurka kuma da zakin MGM mai ruri ko kakakin 20th Century Fox, wanda Alfred Newman ya tsara tun 1933. Daga ɗaya gefen akwai wasannin talabijin na NTA da CTV, irin su Samanja Mazan Fama da Kuliya Manta Sabo, waɗanda suka koya wa mutane cewa kowane shiri yana da takensa. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, waɗannan darussa biyu ne a hannun masu yi, sai abin da kyamarar bidiyo da injin rubutun lokacin suka iya.

Cikin abubuwan da ke fara bayyana a allo akwai na hukuma. An kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa a 1993, ita kuwa ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a. Takardar shaidar nan garkuwa ce, domin wanda ya saki fim babu ita ya san inda zai kwana. Mutanen yankin Wudil sun ga hakan a kan nasu: a 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin hukumar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro kan batun fim ɗin Ibro Aloko. Bayan hukuma sai kasuwa. Tirela ba ado ba ce, da ita ake jawo kuɗin dila, har an sha ɗaukar waƙa da rawa a tallata su alhali sauran fim ɗin bai kammala ba. Don haka kafin darakta ya samu damar cewa uffan, masu iko biyu sun riga sun yi magana a gabansa, kuma haƙurin mai kallo ya ragu.

Inda masana'antar ta nuna gwaninta ta gaske shi ne sauti, kuma ba abin mamaki ba ne. Bahaushe ya saba jin mutum kafin ya gan shi. Sarki yana da takensa a tambari da algaita, ɗan dambe yana da nasa a kalangu, manomi yana da nasa a gangar noma. Da an kaɗa, an san wa ke tafe. Wannan kunne ne fim ya gada. Da fiyanon Yamaha ya shigo ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama a ƙarshen shekarun 1990, aka samu hanyar kwaikwayon sarewa da kalangu da ganga a na'ura guda, cikin rahusa. Sangaya, na kamfanin Sarauniya, shi ne babban misalin abin da ya biyo baya: kiɗan ya riga fim ɗin shiga gari, ya shiga gidan biki da shagon mai shayi, ta yadda wanda ya zauna kallo ya san amon tun kafin ya san labarin. Sautin farko a irin waɗannan fina-finai yana yin aiki biyu a lokaci guda. Yana sanar da jinsi, ko na soyayya ne, ko na sarauta, ko na barkwanci, yana kuma tara hankalin ɗakin da ke cike da hayaniya. A gidan kallon da janareta ke ruri a bayansa, kyakkyawan hoto kan iya wucewa ba a lura ba, amma kiɗa ba ya wucewa.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da nake ganin ta rage wa wannan baiwa ƙarfi. Sau da yawa waƙar buɗewa takan zayyana labarin gaba ɗaya: wa zai ci amana, wa zai yi kuka, wa zai yi nadama. Na fahimci tushen abin, domin waƙar Hausa ta saba da gargaɗi da jan hankali, kuma mai fim yana son a shaida tun farko cewa faɗakarwa ya zo yi. Amma mai kallon da aka gaya wa ƙarshe a minti na biyu an ƙwace masa wani abu. Take ba ya ba da tarihin mai shi, sanar da zuwansa kawai yake yi, kuma abin da ya sa yake tayar da tsigar jiki ke nan.

Fina-finan camama, wato na barkwanci, sun warware matsalar buɗewa ta hanyarsu, kuma nan ne Wudil ke da abin faɗa. Ibro ɗan Danlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, a kwalejin horon malamai ta Wudil ya yi karatu, ya yi aikin gandiroba kafin fim ya ɗauke shi. A fina-finansa sunan ɗan wasa ya haɗiye sunan fim: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Ɗan Indiya. Kalma biyu ko uku sun gama aikin da wasu ke ɓata minti biyar a kai. Ta farko ta ce ga wanda za ka gani, ta biyu ta ce ga rigar da zai ara a wannan karon, ko ta mawaƙin Kongo ko ta mutumin da duniya ke magana a kansa a rediyo. Manomin da ya zo cin kasuwar Juma'a bai buƙatar iya karatun boko sosai. Ya ga fuskar a kwali, ya ji sunan a bakin mai sayarwa, ciniki ya faɗa. Masu fina-finan soyayya na birni sun daɗe suna yi wa camama kallon aikin ƙauye mai arha, amma ta fuskar sanin mai kallo da saurin kama shi, ba su kai ta ba. Camama ba ta ɓata lokaci da jerin motoci. Da an buɗe, mutumin yana cikin rigima.

Hoto kuwa shi ne gurgun ɓangaren. A da, sunaye ne ke yawo a kan baƙin allo ko a kan fure da faɗuwar rana da aka samo a kwamfuta, da haruffa masu walƙiya suna juyawa. Yanzu da kyamara mai tashi sama ta samu, kusan kowa da abu ɗaya yake buɗewa: gadar sama ta Kofar Nasarawa daga bisa, jerin fitilun titi, sai ƙaton get ya buɗe mota ta shiga. Hoton yana da kyau, amma ba ya cewa komai game da wannan labari musamman, domin za a iya cire shi a liƙa wa wani fim ba wanda zai gane. A Amurka, Saul Bass ya nuna tun shekarun 1950 cewa mabuɗi zai iya ɗaukar ruhin fim: a Vertigo na 1958 ido ne da zane mai juyawa har kan mai kallo ya fara juyawa, a Psycho na 1960 layuka ne ke tsattsaga sunaye kamar yadda hankalin mutumin cikin labarin ya tsage. Ba kuɗi ne ya yi wannan aiki ba, tunani ne. Mai fim ɗin da labarinsa ya shafi cin amana a ciniki, me zai hana ya buɗe da karar shanu ta Wudil, da hannun dillali da na mai saye suna musabaha, kyamara ta tsaya a kan hannayen kawai? Wanda labarinsa na rabuwa ne yana da gadar Wudil, da motocin Maiduguri da na Bauchi suna wucewa, masunta a ƙasa suna jan koma ba su ɗaga kai ba. Ƙasar cike take da hotunan da ke magana, amma an fi son a nuna cewa an iya ɗaukar Kano ta yi kama da Dubai.

Batun sunaye ya fi damuna, domin nan magana ta tashi daga ado ta koma haƙƙi. Dubi yadda ake jera su. Manyan jarumai a gaba, da fitowa ta musamman ga wanda ya fi ƙarfin a sa shi a layi. Mai ɗaukar nauyi da mai shiryawa da mai ba da umarni kowa da allonsa shi kaɗai. Sai dogon jerin godiya ta musamman: alhajin da ya ba da aron gida, hajiyar da ta ba da mota, mai otal, mai unguwar da ya ba da izinin lokeshin. Ba na raina wannan jeri. Makaɗan Hausa ma haka suke yi, su ambaci wanda ya yi musu alheri a tsakiyar waƙa, kuma masana'antar da ba ta da bankin da ke ba ta rance da aron gida da mota ta rayu. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda aka tura can ƙarshen fim, inda haruffa ke gudu kuma kowa ya tashi: mai ɗaukar sauti, mai haske, mai kwalliya, mai lura da ci gaban shiri, mai tace hoto da ya kwana a gaban kwamfuta. Mawaƙa ma haka suka daɗe. Da yawa daga waƙoƙin da jama'a suka ɗauka muryar Ibro ce, Sadi Sidi Sharifai ne ya rera su. Mata da yawa sun rera waƙoƙin da suka ɗaga jarumai, su kuwa ba a san fuskarsu ba. Dabarar da mawaƙan suka samo ita ce irin ta magabatansu: su cusa sunansu da na makaɗi da na situdiyo a cikin waƙar kanta, inda almakashi ba zai kai ba.

Marubuci ya fi kowa shan wahala a wannan allo. Lokacin da aka mayar da littattafai fim, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ko Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, an san mai labari domin littafin ya riga ya yi suna. Amma fina-finan da aka ɗebo daga na Indiya, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi dogon bincike a kansu, ba kasafai suke ambaton inda suka samo ba. Sai ka ga sunan wani a matsayin mai labari, alhali duk wanda ya yi zamanin sinima ya san asalin abin. Sannan ga harshe. Fim na Hausa, 'yan wasa Hausawa, masu kallo Hausawa, amma muƙaman ma'aikata da Turanci, wani lokaci da kuskuren rubutu. Muna da shiryawa, ba da umarni, ɗaukar hoto, tsara labari, kiɗa da waƙa, kuma duk kalmomi ne da 'yan fim ke faɗa da bakinsu. Waɗanda ke rubutawa da Hausa ma sukan yar da ƙugiya, sai ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, sunan mutum ya canza a kan aikinsa.

Zuwan waya ya sauya lissafin. Kasuwar faifai ta mutu, masu tura fina-finai suka maye gurbinta, kuma ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ya karɓo fim a waya yatsansa na kan allo: abin da bai kama shi ba, ya ja gaba. Netflix ma ta sa maɓallin tsallake mabuɗi tun 2017. Da an zaci wannan ne ƙarshen al'adar, sai fina-finai masu dogon zango suka farfaɗo da ita. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Aminu Saira ya zo da Labarina, Lawan Ahmad da Izzar So a YouTube. Shirin da ke dawowa kowane mako dole ya mallaki take, domin uwar gida da ke madafa da kunne za ta san an fara. A Labarina, waƙoƙin Naziru Sarkin Waƙa sun zama wani ɓangare na shaidar shirin. Mabuɗin ya gajarce, an fara haɗa fuskar ɗan wasa da sunansa, an ƙara tunatarwa kan abin da ya faru a makon jiya, wani lokaci a jefa mai kallo cikin rikici kafin sunan shirin ya fito. Wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake tallar magani da ta atamfa sun fara cinye wurin da tirela ta bari.

Amma gajarcewar tana da farashi, kuma ƙananan ma'aikata ne ke biya. Idan mabuɗi na jarumai ne kaɗai, ƙarshe kuma YouTube ya rufe shi da hoton bidiyo na gaba, to mai haske da mai sauti ba su da inda za a gan su. Ga masana'antar da yawancin kaset ɗinta na farko suka lalace ko suka ɓace, jerin sunayen nan sau da yawa shi kaɗai ne rajistar wanda ya yi wane aiki. Ibro ya rasu a Disambar 2014, da yawa daga abokan wasansa ma sun riga mu gidan gaskiya, kuma an fi sanin su da sunan wasa fiye da na yanka. Mai binciken da zai so rubuta tarihin camamar yankin Wudil zai dogara ne da abin da aka rubuta a farkon waɗannan fina-finai da ƙarshensu, in an rubuta daidai. Ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN da hukumar tace fina-finai suna da ikon sa ƙa'ida a nan: cikakken suna ga kowane ma'aikaci, da Hausa mai ƙugiya, da shekarar da aka yi fim, da garin da aka ɗauke shi, da asalin labarin in aro ne. Hukumar da ke duba tsawon rigar jaruma ba za ta gaza duba wannan ba.