Yahudawa a Littattafanmu: Nazari Kan Ƙarfi da Raunin Abin da Ɗaliban Sakkwato Ke Karantawa

Gabatarwa

Kwalkwalawa tana bakin gulbin Rima, kan hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Cikin ɗaliban da ke ratsa ta safe da yamma akwai masu karatun Larabci da addinin Musulunci da tarihi, kuma babu ɗayansu da zai kammala karatu bai ci karo da Bani Isra'ila ba, ko a tafsiri, ko a sira, ko a darasin kwatanta addinai. Haka ma masunci ko manomin fadama da ke zama wurin tafsirin watan Azumi, domin babu annabin da Alƙur'ani ya yawaita ambaton sunansa kamar Annabi Musa (AS). Muna yawan jin labarin mutanen nan, amma ba kasafai muke tambayar ta wace hanya labarin ya iso mana ba. Wannan nazari ya duba littattafan da suke hannun mai karatu a ƙasarmu kan adabin Yahudawa da tunaninsu na addini, ya kasa su rukuni huɗu, ya auna abin da kowanne ya iya da abin da ya gaza.

Rukuni na farko: tafsirai da ƙissoshin annabawa

Ƙofar farko ita ce abin da malamai ke kira Isra'iliyyat, wato labaran da suka shigo littattafan Musulmi ta bakin ma'abota littafin da suka musulunta, irin su Ka'abul Ahbar, da kuma masana labaransu kamar Wahabu bin Munabbih. Littafin Ara'isul Majalis na Sa'alabi, wanda ya rasu a 1035, cike yake da su, haka ma tafsirin Khazin. Wannan gado ya iso Sakkwato tun da wuri, domin malaman jihadi sun taso cikin tafsiran magabata, kuma daga cikinsu Malam Abdullahin Gwandu ya tsamo Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala a 1816.

Ƙarfin wannan rukuni shi ne ma'aunin da malamai suka kafa masa. Ibnu Kasir ya kasa irin waɗannan labarai uku: abin da Alƙur'ani da sunna suka gaskata, abin da suka ƙaryata, da abin da suka yi shiru a kansa, wanda ba a gaskata shi ba a kuma ƙaryata shi. Da wannan ma'auni ya yi watsi da labarin ƙaton nan Uju bin Unuƙ. Alƙali Iyal kuwa, a cikin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, ya ƙi karɓar ƙissar da ake jingina wa Annabi Dawuda (AS) game da matar wani mayaƙinsa. Ba su karɓi magana don tana da daɗin ji ba, sai da suka tambayi asalinta.

Raunin kuwa Ibnu Khaldun ya riga ya gano shi a Muƙaddimarsa. Ya bayyana cewa Larabawan farko sun riƙa tambayar Yahudawan da ke maƙwabtaka da su, mafi yawansu mutanen Himyar, waɗanda iliminsu na Attaura bai wuce na gama-garin mutane ba. Ke nan abin da ya shigo tafsirai galibi hira ce ta dandali, an ɗauko ta da baki, ba karatun malaman Yahudawa ba ne. Wanda ya haddace Isra'iliyyat duka bai san abin da malamin Yahudawa ke karantarwa a makarantarsa ba.

Rukuni na biyu: littattafan raddi da kwatanta addinai

A nan Musulmi suna da tarihin da za su yi alfahari da shi. Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya karanta Attaura a fassarar Larabci, ya bi ta daki-daki a littafinsa Alfisal yana lissafa shekaru da nasabobi don ya nuna inda suke cin karo da juna. Shaharastani, a Almilal wan Nihal, ya lissafa ƙungiyoyin Yahudawa da abin da ya raba su. Samau'al Almagribi, ɗan wani malamin Yahudawa, ya musulunta a 1163, ya rubuta Ifhamul Yahud yana kawo nassoshi da Ibrananci. Albiƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya kawo dogayen sassa na littattafan ma'abota littafi a tafsirinsa Nazmud Durar, da aka yi masa ca a Alƙahira sai ya rubuta littafi guda yana kare halaccin yin hakan. Waɗannan malamai sun buɗe littafin abokin jayayya da hannunsu kafin su yi masa raddi.

Sai dai littafin raddi an rubuta shi ne don a yi nasara a muhawara. Mai shi yana zaɓar abin da zai taimaki hujjarsa, ya bar sauran. Za ka gama Alfisal ka san inda Ibnu Hazm yake ganin Attaura ta samu tangarɗa, amma ba za ka san yadda malaman Yahudawa suka amsa irin waɗannan tambayoyi ba, alhali sun daɗe suna tattauna su a tsakaninsu.

Ƙasar Hausa tana da nata kaso a nan. Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yawaita kafa hujja da maganganunsa, ya rubuta risala kan Yahudawan Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau. Ra'ayinsa ya kai ga rushe majami'arsu a Tamantit wajen 1492. Risalar ta hukuncin zaman amana ce a fiƙihu, ba ta bayanin addinin Yahudawa ba ce. Kuma alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi Al'asnuni, ya saɓa masa, malaman Tilimsan da Fas suka rabu gida biyu, kamar yadda Alwansharisi ya adana fatawoyin a Almi'iyar. Ɗalibin da ya ji ɓangaren Almagili kaɗai rabin tarihin ya ji.

Rukuni na uku: littattafan zamani na Larabci

Waɗannan su suka fi yawo a hannun ɗalibai, a takarda da a waya, kuma a cikinsu gyara da ɓarna suka fi cakuɗuwa. Akwai na ƙwarai. Hasan Zaza, ɗan Masar da ya ƙware a Ibrananci, ya fitar da littafi a 1971 kan matakan tunanin addinin Yahudawa da mazhabobinsa. Abdulwahab Almasiri ya fitar da kundi mai mujalladi 8 a 1999 kan Yahudawa da Yahudanci da Sahayoniyanci, inda ya dage cewa abubuwa uku ne daban-daban, kuma Bayahuden Yaman da na Folan ba tarihi ɗaya gare su ba.

Akwai kuma waɗanda aka gina kan jabu. Mafi shahara shi ne Burotokolat Hukama'i Sahyun, wanda ake cewa bayanan taron sirri ne na shugabannin Yahudawa. An fara buga shi a Rasha a 1903. A 1921 ɗan jarida Philip Graves ya nuna a jaridar The Times ta Landan cewa an kwafo sassa masu yawa na littafin daga wani littafin zambo da Maurice Joly ya rubuta a 1864 kan Sarkin Faransa Napoleon na Uku, littafin da ba ruwansa da Yahudawa. Duk da haka fassarar Larabci ta Muhammad Khalifa Attunisi ta 1951 ta bazu ko'ina, har Ahmad Shalabi ya saka shi cikin tushen tunanin Yahudawa a jerin littattafansa na kwatanta addinai. Almasiri, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sukar Sahayoniyanci, ya faɗa a fili cewa jabu ne.

Na biyu shi ne Alkanzul Marsud, wanda daga gare shi ake tsinto mafi yawan maganganun da ake cewa "in ji Talmud". Fassara ce da aka buga a Masar a 1899, asalinta kuwa littafin wani Bajamushe ne, August Rohling, na 1871. Da wani malamin Yahudawa, Joseph Bloch, ya zarge shi da jahiltar Talmud da ƙirƙirar nassi, Rohling ya kai ƙara kotu a Biyana, sannan ya janye ƙarar a 1885 kafin a fara sauraro.

Abin takaici ne al'ummar da ta gina ilimin isnadi, wadda ba ta karɓar hadisi sai ta san wa ya ji daga wa, ta karɓi takardar da ba ta da uwa ba ta da uba don kawai tana sukar wanda ake fushi da shi. Alƙur'ani ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci. Zaluncin da Falasɗinawa ke fuskanta yana da hujjoji na gaskiya a rubuce, da shaidu, da ƙudurorin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya haɗa su da jabu ya raunana su, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka tona ta har gaskiyar da ke kusa da ita sai an yi shakkarta.

Rukuni na huɗu: littattafan Turawa da fassarar Hausa

Masanan jami'o'in Turai da Amurka sun fi kowa kayan aiki: harsuna da tsofaffin takardu. Daga ɗakin ajiyar wata majami'a a tsohuwar Alƙahira aka kwashe ɗaruruwan dubban takardu a ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda S. D. Goitein ya gina bincikensa mai mujalladi 5 a kansu, tsakanin 1967 da 1988, kan rayuwar Yahudawa a ƙasashen Musulmi. John Hunwick, wanda ya koyar a Ibadan, ya fitar da littafi a 2006 kan Yahudawan Tamantit da rikicin Almagili. Raunin littattafansu shi ne tsada, da harshen da bai kai ga almajirin zaure ba, da kuma wata tsohuwar ɗabi'a da ta faro tun littafin Abraham Geiger na 1833, ta ɗaukar duk kamancin da ke tsakanin addinan biyu a matsayin aro. Musulmi yana ganin kamancin a matsayin shaidar cewa saƙon annabawa daga tushe ɗaya yake, kuma littafin da bai ba wannan fahimta wuri ba zai yi masa wuyar haɗiya.

Da Hausa kuwa, Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa a 1932 ya ƙunshi nassin da Yahudawa ke kira Tanak. Amma an jera shi da tsarin Kirista, littattafai 39 a ƙarƙashin sunan Tsohon Alkawari, alhali Yahudawa 24 suke ƙirgawa, kuma ba sa karanta shi a matsayin share fagen wani littafi.

Giɓin da ya haɗa su

Rukunan nan huɗu, in ban da 'yan kaɗan, suna magana ne a kan Yahudawa ba tare da an ji bakinsu ba. Bahaushe kuwa ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Addinin Yahudawa kamar yadda suke yin sa bai tsaya kan Attaura kaɗai ba. Akwai Mishna, tarin hukunce-hukunce mai kashi 6 da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, sai Talmud na Babila, sharhin da aka yi mata a makarantun Iraƙi cikin ƙarnonin da suka biyo baya. Talmud rikodin jayayya ne, yana kawo ra'ayin makarantar Hillel da na makarantar Shammai, yana adana har ra'ayin da aka ƙi. Wanda ya yanko jimla ɗaya ya ce ita ce aƙidarsu ya yi abin da ba za mu yarda a yi wa Mudawwana ko sharhohin Mukhtasar ba. Lalle akwai maganganu masu zafi a cikinsa game da waɗanda ba Yahudawa ba, kuma mai nazari yana da damar sukarsu, bayan ya san wa ya faɗa, a wane zamani, da yadda malamansu na baya suka yi da maganar.

Abin da ɗalibanmu da yawa ba su lura da shi ba shi ne mabuɗin yana hannunsu. Manyan littattafan tauhidi da falsafa na Yahudawa a tsakiyar zamani da Larabci aka rubuta su, da haruffan Ibrananci, kamar yadda Nana Asma'u ta rubuta Hausa da Fulatanci da ajami. Sa'idu Alfayyumi, wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci, ya rubuta Al'amanat wal I'itiƙadat da salon malaman ilimin kalam. Bahya bin Baƙuda na Andalus ya rubuta Alhidaya ila Fara'ilil Ƙulub, littafin gyaran zuciya da ke cike da tasirin sufayen Musulmi. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin yana tattauna ra'ayoyin Ash'arawa da Mu'utazilawa da Alfarabi, kuma an buga shi da haruffan Larabci a Ankara a 1974. Shi kansa Talmud na Babila an fitar da fassararsa ta Larabci a Amman a 2012 cikin mujalladi 20. Ɗalibin Sakkwato da ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi zai gane matsalolin da Ibnu Maimun ke fama da su kan siffofin Allah da sauri fiye da ɗalibin Landan da bai taɓa jin ilimin kalam ba.

Kammalawa

Littattafan da muka gada sun kare aƙida, sun koya mana tace labari, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Inda suka gaza shi ne ba su sada mu da nassin mutanen da suke magana a kansu ba, wasu na zamani kuma sun shigo mana da jabun da aka ƙera a Turai. Gyaran yana hannun malamanmu na jami'a da na zaure: a ajiye littattafan Alfayyumi da Ibnu Maimun kusa da na Ibnu Hazm a ɗakunan karatu, a daina karɓar Burotokolat a matsayin madogara a kundin digiri, a kuma buƙaci duk wanda ya ce "in ji Talmud" ya faɗi babi da shafi. Sannan masu karatun Hausa suna buƙatar littafi da harshensu wanda zai bayyana Tanak da Mishna da Talmud kamar yadda masu su suka fahimce su, kafin ya faɗi matsayin Musulunci a kansu. Sakkwato tana da malaman Larabci da na Hausa da za su iya rubuta shi.