Kotson Narambaɗa Ya Hana Mu Barci a Sanyinna

Duk wanda ya ce da ni an taɓa yin makaɗin fada da ya kai Ibrahim Narambaɗa, ba na musu da shi. Tabarma nake shimfiɗa masa, in zuba masa shayi, in kunna masa Bakandamiya, in ta ƙare in ce ya maimaita maganarsa. Har yau mutum ɗaya ne kawai ya iya maimaitawa, shi ma kawuna ne, zan zo kansa.

Tun da aka kai gero rumbu sanyi ya fara saukowa, waƙar nan muke ji a majalisarmu ta bayan sallar isha'i a nan Sanyinna. Ba yau muka san ta ba, da ita aka yaye mu. Abin da ya sabunta mana ita shi ne wata ɗauka da wani direba mai jigila tsakanin Tambuwal da Sakkwato ya zo mana da ita a memorin wayarsa. Ya ce daga tsohon kaset aka kwafo ta, kuma da ji ka san gaskiya ya faɗa, don shuuu ɗin kaset na nan yana bin waƙar tun daga farko har ƙarshe. Amma wayyo daɗi! Wadda muke da ita a da, murya da kiɗa sun cakuɗe, rabin maganar sai dai ka cike ta da abin da ka haddace. A wannan kuwa kana jin kotso daban, jagora daban, 'yan amshi daban, har jan numfashin tsohon kafin ya ɗauko sabon ɗa kana ji. Daren da muka fara kunna ta, mai shayinmu ya bar buta a wuta har ruwan ya ƙone.

Ga yaran da suka tashi da kiɗan fiyano, bari in ɗan faɗi ko wane ne. Narambaɗa mutumin Tubali ne a ƙasar Isa, can gabashin Sakkwato. Da kokawa ya fara suna kafin waƙa, ya yi kiɗan noma, daga baya ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu, ya zauna a inuwarsa har shi Narambaɗan ya rasu a farkon shekarun 1960. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, ya fito a 2009. Mutumin da ya bar duniya shekara sittin da ɗoriya, ga malaman jami'a na ta tonon maganarsa, ga mu nan kuma a bakin titi muna faɗa a kansa har tsakar dare.

Kayan kiɗansa kotso ne, kuma wanda bai san kotso ba ya yi asarar rabin daɗin. Ganga ce mai tsukakken ƙugu da baki ɗaya rufe da fata, ɗaya bakin a buɗe. Ana liƙa danƙo a tsakiyar fatar, shi ke ba ta wannan amo mai zurfi da ke dukan ƙirji. Ba a sa mata makaɗi irin na kalangu, da yatsu ake buga ta, ana rataye da ita a kafaɗa, ana matsa tsarkiya ana saki don sauti ya hau ya sauka. Kiɗan sarakai ne, ba na dandali ba, shi ya sa ba ya gaggawa. Tafiyarsa tafiyar mai rawani ce. A Bakandamiya makaɗan na riƙe da wannan taku ba su ƙara ba su rage, sai su bar wa murya fili ta yi yadda take so.

Murya kuwa ta yi yadda take so! Narambaɗa ba ya ihu. Yana ɗauko magana a hankali, ya ja ta, ya lanƙwasa, sai ya sake ta a tsakiya, kafin ta faɗi 'yan amshi sun cafe sun ƙarasa masa, sun dawo da kowa gindin waƙa. Abin kamar lugude ne a turmi ɗaya, wannan taɓarya na tashi waccan na sauka, ba karo ba jinkiri. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun sa wa waɗannan dabaru sunaye, akwai ƙari, akwai karɓeɓeniya, akwai bayayyeniya. Mu dai a majalisa abin da muka sani shi ne, in aka zo irin wurin nan, sai ka ga dattijo ya ɗaga yatsa sama yana girgiza kai, wani ya ce a mayar baya.

Abin da ya fi kashe ni da waƙar shi ne ƙarfin halin mai ita. Waƙar sarki ce, ubangidansa yake wasawa, yana jero masa kakanni, yana yi wa 'yan adawar gidan sarauta zambo da habaici ba tare da ya kama suna ba. Amma a tsakiyar wannan hidima sai ya juya ya shiga wasa kansa da waƙarsa, yana nuna wa sauran makaɗa cewa shi malaminsu ne. Har ya kai ga kwatanta zubin waƙarsa da na Alfazazi. Ku tsaya ku duba wannan magana. Alfazazi shi ne mai Ishiriniya, malamin Andalus da ya rasu a 1230, wanda almajirai ke rera yabonsa na Manzon Allah a zaurukan ƙasar nan har gobe. Tsohon ɗan kokawa daga Tubali ya dubi wannan ma'auni ya ce da shi za a auna shi. Wani ne ya faɗi haka da sai mu yi dariya. Shi da ya faɗa, sai ka saurari yadda ɗiyan waƙar ke sauka a kan kari ɗaya, ba kalmar da ta yi saura, ka ce ai kuwa tsohon bai yi ƙarya ba.

Ga kuma harshe. Hausar da muke yi a gida ce, ta munka da sunka, ta wanga da wagga, ba a goge mata baki don ta shiga littafi ba. Abokanmu na Kano kan nemi a fassara musu wasu wurare. Mu kuwa tamkar kakanmu ne ke magana, sai dai kakan da Allah ya ba azancin da bai ba kowa ba.

To, kawu. Shi mutumin Musa Ɗankwairo ne, ba ya ɓoyewa. Da aka gama zagaye na biyu a daren nan sai ya gyara zama ya dube ni.

"Kai ɗana, wanga tsoho gwani na, ban hana ba. Amma ku da kunnuwa kunka san shi. Ni Ɗankwairo da idona nig gane shi, ya taso da mutanenai, ƙasa na motsi."

"Allah shi daɗe da ranka, kawu, ai waƙa da kunne aka shan ta."

"Awo, da kunne. To sa muna ta Sardauna ka ji abin da kunne ka so."

Aka sa Mai Dubun Nasara. Gaskiya ɗaya ce, in ana zancen amshi mai cika fili, Ɗankwairo ba shi da na biyu. An haife shi a ƙasar Bakura a 1909, ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi zaman Maradun tare da wansa Kurna, ya rayu har 1991. Tsawon ran nan ya yi masa rana, don ya riski zamanin da gidajen rediyo da talabijin suka wadata da na'ura, aka ɗauke shi da kyau, har hotonsa mai motsi muna da shi. Muryoyin mutanensa kan hau bisa juna hawa-hawa, siririyar muryarsa na yawo a samansu. In aka sa waƙoƙin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ko na Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ko matacciyar zuciya sai ta motsa. Na yarda da wannan duka. Inda na tsaya shi ne, Ɗankwairo kan sa ni in miƙe tsaye, Narambaɗa kuwa kan sa ni in kwana ina juya magana ɗaya. Kawu ya ce wannan zancen 'yan boko ne.

Sauran 'yan majalisa kowa da gwaninsa. Telanmu ba ya ɗinki sai da Sa'idu Faru a kunne, kuma kullum sai ya tuna mana cewa Sa'idu ya sha yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Maccido fatan gadon gidansu, ya rasu bai gani ba, sai a 1996 Maccido ya zama Sarkin Musulmi. In ya zo nan muryarsa kan canza. Wani malamin firamare da ya yi ritaya shi kuma Salihu Jankiɗi yake bi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, yana cewa taushi ya fi kotso natsuwa. Akwai mai neman na Aliyu Ɗandawo, don mu nan kusa da Kabi muke, waƙoƙin fadar Argungu da Yawuri ba baƙi ba ne a kunnenmu. Wani saurayi daga Kebbe ya taɓa kawo mana Ɗan'anace yana wasa Shago, aka ce masa wannan kiɗan dambe ne, ya bari sai an tashi. Da aka tashi ɗin ba wanda ya tafi gida.

Na ji ana cewa a Turai masu son kiɗan su Beethoven kan zauna su yi ta gardama a kan wace ƙungiya ta fi iya buga abu ɗaya. Su nasu a rubuce yake, mutumin ya mutu tun 1827 amma gobe ma wasu za su buɗe takarda su buga shi sabo. Namu ba haka yake ba. Makaɗin fada bai rubuta komai ba, kuma ko waƙa ɗaya ya rera sau biyu ba ta fitowa iri ɗaya, yau ya ƙara ɗa saboda wani baƙo da ya shigo fada, gobe ya zubar da shi. Abin da na'ura ta kama a ranar da ta kama, shi ke nan abin da ya rage. Shi ya sa in ka ji mun tashi hankali a kan wace ɗauka ta fi tsawo, wace ta fi fita, kada ka ɗauka rashin aikin yi ne. Ɗa guda da ke cikin wannan kaset, babu shi a wancan, dukiya ce.

Shi ya sa kuma raina ke ɓaci da masu ɗaukar tsofaffin waƙoƙin nan su aza musu kiɗan kwamfuta, wai gyara. Wani ma sai ya datse farkon, inda sanƙira ke share fage da kirari, don waƙar ta yi gajarta ta shiga WhatsApp. Ku bar mana shuuu ɗinmu! Wanda zai ji Bakandamiya ya nemi cikakkiya, ya samu lasifika mai ɗan nauyi don amon kotso ba ya fita a bakin waya, ya kashe hira, ya ji ta sau ɗaya don kiɗa, ya sake ji don magana. In ya gama ya bi ta da Dokin Iska Ɗanhilinge, ya ji yadda mutum ke wasa dokin sukuwa har ka ji kofato a cikin ganga.

Direban nan ya ce mai kaset ɗin yana da wasu cike da kwali, har da na Jankiɗi da ba mu taɓa ji ba. Mun haɗa masa kuɗin mai da na sabon memori, kawu ne ma ya fara zubawa, da sharaɗin in an samu na Ɗankwairo a ciki shi za a fara sawa.