Mai Gyaran da Ba Ya Gaggawar Kwance Rediyo

A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. A wuri irin bakin Dajin Rugu, ranar da sabis ya ɗauke ake gane darajar rediyon oba-oba, musamman wanda ake kafawa a mota, domin shi ba ya jiran turken kowane kamfani. Amfaninsa kuwa yana ga nisan da muryarsa ke kaiwa.

Kuka ɗaya direbobi ke yawan kawo wa mai gyaran rediyo: "Malam, ina jin su, su ba sa jina." Wanda bai ƙware ba nan take zai ɗauko sukudireba, ko ya ce a sayo mai ƙarfi. Gwani kuwa tambaya yake farawa da ita. A ina ka tsaya? Da can yana kaiwa? An yi wa motar fenti kwanan nan?

Tambayar wurin tsayawa tana da tushe. Zangon mita biyu, wato megahaz 144 zuwa 146, wanda masu rediyon sha'awa ke amfani da shi a Afirka, kusan miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Eriyar da ke mita biyu daga ƙasa iyakar hangenta wajen kilomita shida ne, motoci biyu a fili sai su ji juna a kilomita goma sha wani abu. Idan dutse ya gitta, irin waɗanda ke warwatse a yammacin Katsina, ko motar tana cikin kwarin rafi, sai nisan ya ragu. Hawa tudu mai mita 30 yana kai hangen sama da kilomita 20, abin da ninka ƙarfin na'ura ba zai ba ka ba.

Daga nan sai gwanin ya bi wuta daga tushenta. Rediyo mai wat 50 yana jan amfiya goma ko fiye lokacin da aka danna maɓallin magana, kuma bolt 13.8 yake so. In an jona shi a soket ɗin kunna sigari da siririyar waya, sauraro zai tafi lafiya, amma da an danna sai wutar ta faɗi. Shi ya sa yake awon wutar, yatsansa na kan maɓallin. Maganin shi ne waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fiyus kusa da shi.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne gindin eriya. Sandar da ake gani, wadda ba ta wuce santimita 50 da kaɗan ba, rabin eriyar ce kawai. Ɗaya rabin ƙarfen motar ne. Idan fenti ko tsatsa ya shiga tsakanin gindin da jikin mota, an raba su ke nan, alhali ido ba ya ganin komai. Sai ka ga mai gyaran ya kwance, ya kankare har ƙarfe ya yi fari, ya mayar ya ɗaure tam. In ya tarar an maƙale eriyar a bamba, ko a bayan kan Hilux inda ƙarfe ya tare ta, zai ce a kai ta tsakiyar rufi. Direba ya yi ƙorafin rassan itatuwa, shi kuma ya tsaya kan bakansa, kuma yana da gaskiya.

Kebur ma yana shan wahala a hanyoyin Ruma da Runka. Ƙofa ta matse shi, gargada ta sassauta dalmar da ke bakinsa, ruwan damina ya shige ciki ya baƙanta tagullar. Yana bin sa da yatsa taƙi-taƙi.

Sai a ƙarshe ya jona na'urar SWR, wadda ke nuna ƙarfin da ya fita da wanda ya dawo baya. In allura ta tsaya wajen 1.5, madalla. In ta haura 3, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin yana komowa, kuma rediyon zamani da kansa yake rage wuta don kada ya ƙone. Sai ya auna a farkon zango da ƙarshensa: in awon ya fi muni a sama, sandar ta yi tsawo. Ya rage 'yan milimita, ya rufe ƙofofi, ya ja da baya daga motar, ya sake aunawa.  Bayan nan ne yake tura yaronsa a babur da oba-oban hannu, yana kira daga kowace mararraba, har inda murya ta fara yankewa.